Na Je Ɗauko Yaya Seidu Daga Gonar Kwakwa

Daga Nima zuwa Kaneshi

Kafin ladanin unguwarmu ya gama kiran asuba na riga na ɗaure ɗan kayana, na sa takalmin roba, na tsaya ƙofar ɗakin Mma. Shekarar da ta biyo bayan yunwa ce, bayan gobarar daji ta bi gonakin Gana ta cinye, aka kuma koro 'yan ƙasar daga Najeriya suka dawo da kaya a ka. Ni Ramatu, a lokacin waake, wato shinkafa da wake, nake sayarwa a bakin titin Nima, kuma rabona da in fita daga Ankara, babban birninmu, tun ina budurwa.

Wani falken goro ne ya kawo labarin da ya tashe ni. Ya ce ya ga yayana Seidu kwance a wani ƙauye bayan Akroso, ƙafarsa ta kumbura tana ruwa, ya kuma ƙi a kai shi asibiti. Yaya Seidu shi ne babba a ɗakinmu. Tun yana saurayi yake bin Baba ƙauyukan kurmi sayen goro. Da Baba ya rasu sai ya zauna can, ya auri wata 'yar garin mai suna Akosua, danginta suka ba shi gonar kwakwar manja yana nomawa. Dangin nan kuwa masu tatsar bammi ne, ruwan nan da ake ɗiba a jikin itacen kwakwa, wanda in ya wuni ya zama giya. Wata Sallah ya zo gida, Mma ta ce masa a gaban mutane rigarsa na warin giya. Ya ci abincinsa ya tafi, bai sake tako Nima ba. Sai dai lokaci-lokaci galan na manja yakan iso mini ta hannun fatake, ba gaisuwa ba saƙo.

Mma tana zaune kan abin salla, ba ta ɗago kai ba ta ce, “Je ki ɗauko shi.”

Na ce, “In ya ƙi fa, Mma?”

“Ki ce ni na ce.” Sai kuma ta ce, “A'a, kada ki ce ni na ce. Ke dai ki ɗauko shi. Kada ya mutu inda ba mai yi masa wanka.”

Ba trotro, motar haya ta cikin gari, a titi, don fetur sai wane da wane. Na taka da ƙafa na ratsa Kokomlemle, na wuce mata sun yi layi a ƙofar mai dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, tun tukunyar ba ta tafasa ba. A shataletalen Sakul na sami wata trotro da ta cika har ƙofa, na maƙale a ciki zuwa Kaneshi. Motar Swedru lori ce mai jikin katako da bencina. Direban ya ga gyalena ya juya harshe zuwa Hausarmu ta Ankara, wadda ba ta raba mace da namiji.

“Mma, ka zauna nan. Mota za ya tashi yanzu-yanzu.”

Yanzu-yanzun nasa sai da ya kai mu hantsi, ana jiran wanda aka aika neman fetur a jarka. Kuɗin mota kuma ya ninka abin da falken ya gaya mini. Ba wanda ya yi gardama. Duk mun gaji da gardama a shekarar nan.

Malam, Kasuwa, mararrabar Winneba

Muka wuce unguwar Malam a hankali, don direban na lallaɓa tayoyinsa. Ta bayan an yi mata faci da guntun wata tsohuwar taya, an ɗaure da kusoshi. Kusa da gadar kogin Densu muka tarar da bariya, aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wanda ya kwance ƙunshina ya ga garin rogo da ƙuli-ƙuli da carbi, ya tambaye ni ina za ni. Na ce duba mara lafiya.

Ya ce, “Duk motar nan kowa duba mara lafiya za shi.”

Na ce, “Ai ƙasar ce ba lafiya.”

Ya ƙura mini ido har na yi da-na-sanin bakina, sai kuma ya yi dariya ya ce in hau.

A Kasuwa, garin da kakanninmu suka raɗa wa suna, tayar ta fashe da ƙara kamar bindiga. Nan muka yi azahar a gindin wani darbejiya. Na jiƙa garina da ruwa na ci da ƙuli-ƙuli, na ɗiba wa maƙwabciyata ta benci, wata tsohuwa Bafantiya mai sayar da busasshen kifi, ita kuma ta gutsuro mini kifi. Rana ta fara karkata kafin aka gama ɗinkin tayar.

Bayan mun karya kwana a mararrabar Winneba muka nufi arewa, sai na fara ganin abin da ban gane ba. Itatuwan kwakwa kwance a gefen hanya, jere-jere, kamar shanu a mayanka ranar jajibere, an sassare musu ganye, kowanne da tulu a ƙarƙashin wuyansa. Na tambayi tsohuwar da harshen Twi ko iska ce ta kayar da su.

Ta ce, “Iska mai diga da gatari. Mu nan haka ake tatsar bammi, sai an tuge itacen. Amma da, sai ya tsufa ya yi tsawon da ba a iya saro 'ya'yansa ake kayar da shi. Yanzu gonakin koko sun ƙone, mutane ba su da abin sayarwa, shi ne suka faɗa wa kwakwa, babba da yaro.”

“Yaushe wani zai girma a madadinsu?”

“Jaririn da aka haifa yau sai ya shiga makaranta kafin ya ga 'ya'yansu. In an dasa ke nan.”

A raina na ce su suka sani, ni ɗan'uwana na zo ɗauka.

Swedru

Gab da magariba muka shiga Swedru, ƙafafuna sun kumbura, bayana kamar an daka. Na nemi zango na sauka gidan Hajiya Lariba, ƙawar Mma tun suna amare. Ta ba ni ruwan zafi na gasa jiki, ta kawo tuwon jar masarar nan ta agaji da miyar ayoyo ba nama, tana ta ba ni haƙuri kamar ita ta kawo yunwar.

Da na gaya mata inda za ni, ta ajiye ludayi ta ce, “Seidu? Kafin ƙafar ta kwantar da shi, nan yake zuwa Juma'a duk sanda ya sami mota. A tabarmar nan yake zama. Ban taɓa jin warin komai a bakinsa ba sai goro. Na aika wa uwarki haka ba sau ɗaya ba. Amma kin san ta, in ta furta magana ko ta gane kuskure ce sai ta goya ta.”

Na ce, “Ita ta aiko ni, Hajiya.”

“To, tsufa ya fara yi mata magani.”

Daga Akroso zuwa ƙauye

Washegari na sami bayan wata motar ɗaukar koko da za ta wofi, muka tsaya a tsaye muna riƙe da ƙarfe har Akroso. Daga nan ba mota. Aka nuna mini wata 'yar hanya aka ce in bi ta har in tsallake rafi biyu. Na ratsa gonakin koko da suka zama baƙaƙen sanduna, ciyawa ta fara tsirowa a tsakaninsu saboda ruwan farko. Inuwa babu, don manyan itatuwan ma sun tafi. Na zauna hutawa ban san sau nawa ba.

A rafi na biyu na tarar da wata mace siririya tana wanke tukunya, hannuwanta ja wur da manja. Ta dube ni ta miƙe tsaye.

“Akumaa!” ta ce, wato ƙanwar miji. “Goshinku ɗaya.”

Akosua ce. Ban taɓa ganinta ba sai ranar. Ta karɓi kayana ta ɗora a kai, muka shiga ƙauyen yara na bin mu suna cewa baƙuwar Kramo ta zo, don haka suke kiran Musulmi.

Na same shi kwance a barandar ɗakin ƙasa, ƙafar dama a kan kututture an lulluɓe ta da tsumma. Mutumin da na sani mai ɗaukar buhun goro shi kaɗai ya koma ƙashi da fata. Ya daɗe yana kallona.

“Ramatu? Mma ce ta rasu?”

“Tana nan da ranta, Yaya.”

“To me ya kawo ki?”

Na ɗaga tsumman, na mayar da sauri. Akosua ta ba ni labari. Ranar da wutar ta zo, su biyu suka share ciyawa kewaye da gonar suna dukan wutar da ɗanyen ganye, suka ceci fiye da rabi. Wani kututture mai ci ya faɗo masa a ƙwauri. An yi ta sa magani, ciwon ya rufe ya sake buɗewa, ga shi shekara ta zagayo.

Na ce, “Gobe za mu tafi Ankara.”

Ya ce, “Ba inda za ni. Ranar da na sa ƙafa a mota, ranar Kwabena zai kira masu diga.”

Kwabena ƙanen Akosua ne. Ƙasar ta danginsu ce, kuma tun da kawunsu ya rasu shi ke da ta cewa. Tsarin da kawun ya bari shi ne 'ya'yan kwakwa na Yaya ne, shi da ya dasa yake kuma sharewa, bammi kuwa na dangi ne, daga tsofaffin itatuwa kawai. Kwabena ya dawo daga Agege ta Najeriya cikin waɗanda aka koro, ba ko sisi, ga mata ga yara, ga masu dafa akpeteshi, giyar nan mai zafi da ake yi da bammi, suna zarya suna neman a sayar musu da gonar gaba ɗaya su kayar. Kunyar surukinsa da ke kwance ce kawai ta hana shi.

Gajiya ta sa na ce, “Yaya, itacen giya ne fa. Su kayar mana, mu ina ruwanmu? A kan wannan za ka rasa ƙafa?”

Ya ce, “Manjan da kike zubawa a miyarki daga sama yake sauka? Itace ɗaya ne, Ramatu. Ni ina cin 'ya'yansa, su suna shan ruwansa. Ban taɓa sa shi a baki ba, ban taɓa sayar da ko ɗigo ba. Amma in aka kashe shi, da ni da su duk mun tashi.”

Ya juya kai. Na san juyin kan nan, a gidanmu aka gaje shi.

Cikin gona

Da safe Akosua ta kai ni in gani. Gefen da wuta ta ci baƙi ƙirin, wasu itatuwan sun sake fitar da ɗanyen ganye a ka, wasu sun tsaya shiru. Sauran gonar kuwa kore shar, inuwa mai sanyi, irin wadda rabona da ita tun kafin fari. A bakin rafi ta nuna mini 'yan tsiron kwakwa jere cikin kwanduna da tsofaffin gwangwanaye, ta yi musu rumfa da ganye. Ta ce Yaya ne ke zaɓar irin daga itatuwan da suka fi mai, ita take ban ruwa safe da yamma.

Muka iske Kwabena tsugune kan wata tsohuwar kwakwa da aka kayar. Ya fafe rami a wuyanta, ya sa 'yar gora ruwan na ɗiga cikin tulu, yana hura hayaƙin tsintsiyar ganye a ramin don ƙwari kada su ɓata. Ƙudaje da zuma sun cika wurin, ga wani tsami-tsami mai hawa kai. Na ja baya na rufe hanci da gyale. Ya gani ya yi murmushi, bai ji haushi ba. Ya ce wannan za ta yi ta ba shi ruwa wata guda ko fiye, daga nan ta ruɓe.

Akosua ta ce, “Nuna wa akumaa abin da ka koyo a Agege.”

Ya yi tsaki, amma ya ɗauko wata igiya mai kauri da aka lanƙwasa kamar baka, ya zagaya ta da wani itace mai rai da ƙugunsa, ya fara hawa yana jingina baya yana tura ƙafa. Na kasa kallo na kasa kau da kai. Can sama, a gindin furen da ba ya yin 'ya'ya, ya riga ya yi 'yar tsaga ya rataya gora. Ya kwance ta, ya ɗan sake yanka wurin da wuƙa, ya rataya wata, ya sauko gumi na zuba. Ya ajiye gorar kusa da tulun. Abin da ke cikinta bai kai rabin na tulun ba.

Ya ce, “Ga na tsaye, ga na kwance. An ce ke 'yar kasuwa ce. Wanne za ki ɗauka?”

Na ce, “Na kwancen zai ba ka baɗi?”

“Baɗi na wanda ya kai ne. Yarana yau suke jin yunwa.” Ya zauna kan kututturen yana goge fuska. “Mutumin da ya koya mini hawan nan a can, a gabana igiya ta tsinke masa. Har na baro ƙasar a kwance yake. Akonta yana cewa in hau, in hau, shi da ba ya hawa. Kuma in ka tatsi itace a tsaye, 'ya'yansa ma raguwa suke, sai ka bar shi ya huta. Wa zai ciyar da ni ranar da itace ke hutu?”

Akonta shi ne mijin 'yar'uwa, da Yaya yake. Bai kuwa faɗi ƙarya ba.

Na zo da niyyar kwana ɗaya, sai ga ni Juma'a ta same ni a can. Ba yadda zan zauna in zuba wa Akosua ido, don haka na shiga aikin manja. Mu tsinke 'ya'yan daga kai ƙaya na sukar mu, mu dafa a ganga, mu daka a turmi, mu cuɗa da ruwa, mu kwashe man da ya taso mu sake dafawa. Ni da nake ganin dafa waake wahala ce, na gane ban san komai ba. Muna daka take ce mini, “In na goyi bayan miji, ɗan'uwa ya ce na sayar da dangi. In na goyi bayan ɗan'uwa, wancan ya daina cin abinci. Ni dai na gaji, akumaa.” Da yamma zazzaɓi ya rufe Yaya, ya yi ta sambatu yana kiran Baba. Masu akpeteshi kuma suka sake zuwa, suka zagaya gonar suna nuna itatuwa da baki.

Zama a gidan Nana

Akosua ce ta je ta roƙi yayar mahaifiyarsu, tsohuwar da kowa ke kira Nana, ta tara mu. Aka ɗauko Yaya a kujera aka ajiye a tsakar gidanta da hantsi. Kwabena ya faɗi nasa, Yaya ya faɗi nasa, kowa ya maimaita abin da ya saba faɗi. Nana tana ta tauna asuwaki. Can ta nuna ni ta ce, baƙuwa fa, ba ta da baki?

Na ce ni Musulma ce, ba zan sa baki a maganar bammi ba, amma ina da magana a kan manja. Na gaya musu yadda matan Nima da Mamobi masu tuyar ƙosai da masu tuwo ke kokawa a kan kwalba ɗaya, har ana zagin juna. Na ce duk man da gonar nan za ta fitar, in dai zai iso Swedru gidan Hajiya Lariba, ni zan karɓa in sayar da darajar Ankara, ba da ta 'yan sari da ke zuwa ƙauye ba.

Kwabena ya ce, “Man na akonta ne. Ni me ya shafe ni?”

Yaya ya daɗe yana kallon ƙafarsa, sannan ya ce, “A raba 'ya'yan biyu. Rabi naka.”

Akosua ta dube shi da sauri, don guminta ne ya bayar bai tambaye ta ba.

Daga nan aka shiga ciniki, itace bayan itace, har rana ta take. Aka tsaya a kan cewa waɗanda wuta ta kashe wa zuciya da tsofaffin da suka fi ƙarfin lauje, Kwabena ya kayar ya tatsa. Duk inda ɗaya ta faɗi, a dasa biyu daga na bakin rafi kafin ruwa ya ɗauke. Sauran in zai tatsa sai a tsaye, kuma wadda aka tatsa bana a bar ta baɗi. Amma ya kafe sai an ba shi layin bakin hanya, matasan itatuwa masu ba da 'ya'ya sosai, ya sayar wa masu akpeteshi, don ya riga ya yi musu alkawari kuma gidansa ba hatsi. Yaya ya ce waɗannan da hannunsa ya dasa su shekarar da aka haifi 'yarsa ta fari. Nana ta cire asuwaki ta ce, “Kramo, mai son duka yakan tashi ba ko ɗaya. Ka je a gyara maka ƙafa.”

Kwabena ya miƙe yana kaɗe wando ya ce, “Na bana na yi alkawari. Baɗi sai mu sake zama.”

Ba wanda ya tashi da farin ciki. Ni dai na ji an sauke mini dutse.

Dawowa

Da sassafe maza huɗu suka ɗauki Yaya a zani da aka ɗaure jikin gora, Kwabena na gaba. Akosua ta raka mu har rafi da galan ɗin manja a kai. Ta ce ba za ta bi mu ba, in ta tafi ba mai ban ruwa, ba kuma mai tsayawa ya ga an dasa abin da aka ce. Ta tsuguna ta gyara masa tsumman ƙafa, suka yi magana ƙasa-ƙasa da Twi, na matsa gefe.

Muna hawa tudu muka ji sarar diga daga bakin hanya, masu akpeteshi ba su ɓata lokaci ba. Sai wata ƙara mai tsawo, sai ƙasa ta amsa. Yaya ya rufe ido. Kwabena bai waiwaya ba, ya dai gyara gorar a kafaɗa ya ƙara sauri.

A Akroso muka wuni bakin titi kafin wata motar katako ta yarda ta ɗauke mu. Muka kwana Swedru, Hajiya Lariba ta wanke ciwon da ruwan gishiri tana faɗa tana hawaye. Washegari direban motar Ankara ya ce mara lafiya sai ya biya benci guda, fasinjoji suka taso masa har ya haƙura. Na zauna a ƙasan motar na rungume ƙafar a cinyata, duk ramin da muka faɗa sai na ji Yaya ya cije baki. A Kasuwa ruwa ya sauko, tamfol ɗin duk huda, muka jiƙe sharkaf.

A bariyar Densu wani ya ƙwanƙwasa galan ɗina ya ce, “Daga kurmi, galan a rufe. Akpeteshi ne?”

Na ce, “Buɗe ka gani.”

Ya buɗe ya tsoma yatsa, ya fito ja. Ya lasa, ya dubi abokinsa ya ce rabonsa da mai irin wannan tun kafin wuta. Ya leƙa ya ga Yaya, ya ce direba ya wuce, kada a sauke kowa.

Nima

Ana kiran magariba tasi ta ajiye mu bakin babban kwalbati, don ba mota mai shiga lungunmu. Maƙwabta suka kama shi suka ratsa da shi har ɗakin Mma. Aka shimfiɗa shi a tabarma, kowa ya fita, ya rage mu uku.

Ba wanda ya gai da wani. Mma ta jawo fitila, ta ɗaga tsumman, ta daɗe tana kallo.

“Haka ka bar kanka.”

“Wuta ce, Mma.”

“Na ga wuta ce.”

Ta mayar da tsumman a hankali ta juyo gare ni. “Matar fa? Ina kuka baro ta?”

Na ce ta tsaya gona, in ta taho ba mai kula da itatuwan.

“Ita ta yi jinyarsa duk shekarar nan?”

“Ita kaɗai, Mma.”

Ta sunkuya da ƙyar ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado. Ta fito da sandar sabulu da ta ɓoye tun kafin ya ɓace a kasuwa, da turmin atamfa da ko ni ban san tana da shi ba. Ta ɗora su a cinyata.

“In falken nan zai koma, a ba shi ya kai mata.” Sai ta tambaya, “Yaya ma sunanta?”

Yaya ne ya amsa. “Akosua.”

“Akosuwa,” in ji Mma, tana gwada shi a baki. “To. Ramatu, ɗora masa ruwan koko.”

Washegari aka kai shi babban asibiti. Ya daɗe a can, aka yanke ruɓaɓɓen naman, ƙafar ta tsira sai dai ɗingishi har ƙarshen ransa. Bai jira ya gama warkewa ba ya koma gonarsa. Zaman baɗi da Kwabena ya faɗa kuwa an yi shi, an kuma yi na bayansa, kowace shekara da rigimarta, amma manja bai daina iso mini ba har gwiwoyina suka hana ni zama bakin titi.

Allah ya saka wa Hajiya Lariba, ya jiƙanta. Ya saka wa mutanen da suka ɗauki ɗan'uwana a kafaɗa, da fasinjojin da ban san sunan ko ɗayansu ba. Ni kam da na dawo daga asibiti ranar da aka kai shi, na kwanta, ban farka ba sai la'asar, masu sayen waake suka yi ta sallama har suka gaji suka tafi. Na je lafiya, na dawo da wanda aka aike ni ɗaukowa. Alhamdu lillahi.